Haƙoran Malam da Kujerar Mataimaki

Shekarun da Malam ya yi yana manajan wani kamfanin casar shinkafa a Gashuwa, gidanmu a jikin katangar kamfanin yake. Tagar ɗakin girkina tana kallon filin da ake sauke buhuna, kusa ƙwarai, in lebura ya yi atishawa ina ji. Ni ba mai son fita ba ce. In ba biki ko rasuwa ba, sai in yi wata ban taka ƙofar gida ba. Karatun boko kuwa a aji huɗu na tsaya, can Nguru garinmu. Amma ina tsaye a kan tukunya na ji yadda aka ɗauki mutane aiki, na ji yadda aka sallame su, har na kai ina gane direban da zai yi ƙarya tun daga sallamarsa.

Malam gwani ne, wannan ko wanda ba ya son sa bai musa ba. In manoma suka kawo shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, babban abin tsoro shi ne danshi. Ka zuba mai danshi a sito, kafin ka ankara ta ɗau zafi, ta yi fumfuna, ta ɓata ta kusa da ita. Malam ba ya neman komai sai haƙoransa. A soka ƙarfe a buhu a zaro ƙwaya, a zuba masa a tafin hannu, ya tsinci uku ya sa a baki, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. Sai ka ji ƙas. In ta amsa da kyau ya ce, "A sauke." In ta yi taushi ya tofar ya ce, "A mayar shanya." Magana ta ƙare, ko uban wa ya kawo kayan. Kamfani ya taɓa aiko masa da wata na'urar gwada danshi daga Kano, a cikin jaka mai kyau. Ya juya ta gaba da baya, ya ce wannan ba ta san shinkafar Bade ba, ya kulle ta a kabad ya jefa makullin a aljihu.

To akwai mataimakinsa. Mutumin Nguru ne, ɗan unguwarmu ma, mahaifiyarsa ta sha yi mini kitso ina yarinya. Shekara ashirin da biyu yana bayan Malam. Alhaji mai kamfanin da bakinsa ya ce masa ranar da Malam ya yi ritaya kujerar manaja tasa ce, in dai an ga ya isa. Wannan "in dai an ga ya isa" ita bawan Allahn nan ya yi ta dako tun gemunsa na baƙi wul har furfura ta fara leƙowa. Ya ƙi aiki a wurare biyu saboda ita. Malam kuwa "yaron nan" yake ce masa. Yaron nan yana da 'ya a jami'a. Yaron nan in zai tashi daga tabarma sai ya dafa gwiwa ya ce wash.

Kullum Malam cewa yake yi yana renonsa ne don ya gaje shi. Ni dai ga renon da na gani ta taga. Da safe ya zo ya durƙusa a zaure ya yi gaisuwa, ya karɓi jaka. Ya buɗe ƙofar ofis, ya kaɗe kujerar da aka yi masa alkawari, wani ya zauna. In ana gwajin kaya, shi ke riƙe farantin da Malam zai tofa ƙwaya a ciki. In ya yi tambaya a ce masa, "Kai dai kalle ni ka koya." Sau ɗaya, a farkon zuwansa, na ji ya ce, "Baba, ina ganin buhun can na ƙarshe kamar..."

Malam ya juyo ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Kamar me? Ƙarasa mana, manaja."

Leburori suka kwashe da dariya. Bai ƙarasa ba, ban kuma sake jin ya buɗe wata magana da "ina ganin" ba. Daga ranar ya koma "Haka ne, Baba," ya kuma ƙware a kanta har iri uku gare shi. Akwai ta yarda, akwai ta rashin yarda, akwai ta bai ma ji abin da aka ce ba. Ni ina bambance su daga ɗakin girki. Malam duk ɗaya yake jin su.

Amma fa ya koyi aikin. Na sha ganinsa, in Malam ya shige ofis, ya waiga hagu da dama kamar zai saci nama a tukunya, ya tsinci ƙwaya a ƙasa ya ciza, ya gyaɗa kai shi kaɗai. Sani ne da ya tara a ɓoye, ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Saura wata uku Malam ya ajiye aiki, sai kamfani ya ce za a yi taron bita na kwana uku a Nguru, inda suke da babban sito, wai don a shirya matasan ma'aikata su karɓi shugabanci. Yayata aka ba aikin dafa wa mahalarta abinci, ta aiko in zo in taya ta. Na yi ƙorafin hanya, na je. A barandar bayan zauren taron muke zuba abinci, lasifika kuwa a daidai bakin taga aka rataye ta, don haka ni ma na yi bitar, takardar shaida ce kawai ba a ba ni ba.

An ɗaura wani dogon ƙyalle a bango, 'yar yayata ta karanta mana, wai shugabannin gobe. Da lokacin shayi ya yi sai ga shugabannin goben sun yi layi. Wannan kada a sa masa sukari, likita ya hana. Wancan yana neman ruwan ɗumi zai haɗiye maganin hawan jini. Wani ya roƙa a samo masa kujera mai jingina saboda bayansa. Yayata ta raɗa mini, "Anya waɗannan za su kai goben kuwa?"

Mai koyarwar wani ɗan gaye ne da aka ɗauko daga Abuja, wando a matse, Hausarsa sai ta yi taku biyu ta faɗa Turanci. Ranar farko ya raba musu tsinken tsire ya ce su gina hasumiya, wai a nan ake gane mai haɗa kan jama'a. Magidanta da jikoki suka duƙufa a kan tsinke har azahar. Rana ta biyu ya ce mutum ya rufe ido ya faɗi ta baya abokinsa ya tare shi, wai koyon amana. Mai saya musu hatsi a Kumagannam, wani ƙato ne, ya rufe ido ya yi bisimilla ya saki jiki, ashe wanda zai tare shi ya juya amsa waya. Har murhu muka ji ƙarar. Yayata ta ce a ƙara masa nama, shi kaɗai ne ya koyi wani abu.

Rana ta uku ce babba. Aka zaunar da manajoji a gaba, Malam a tsakiyarsu. Mai koyarwa ya ce shugaba na ƙwarai yana son a gaya masa gaskiya, don haka kowane mataimaki ya tashi ya faɗa wa ogansa aibinsa guda ɗaya, ido da ido. Na leƙa ta taga na ga Malam yana gyaɗa kai da ƙarfi, kamar shi ya kawo shawarar.

Mataimakin Malam aka fara kira. Ya tashi, ya tuɓe takalmi. Mai koyarwa ya ce ya mayar, ya ce a'a, ba ya tsayawa gaban Baba da takalmi. Ya riƙe abin magana da hannu biyu, ya yi gyaran murya sau uku.

"Baba yana da aibi guda ɗaya," in ji shi. Zaure ya yi tsit, ni ma na tsayar da ludayi. "Ba ya hutawa. Aiki ya sa a gaba, ba ya tausayin jikinsa."

Tafi ya ɓarke. Malam ya share ido da gefen babbar riga. Mai koyarwa ya ce to wannan shi ne ƙarfin hali, a ƙara tafa masa. Sauran mataimakan suka ga hanya ta buɗe suka bi. Wannan ogansa haƙuri ya yi masa yawa. Wancan kyauta ce za ta kashe nasa. Aka raba takardun shaida da jakunkuna da biro, aka ɗauki hoto. Muna kankare tukwane yayata ta ce, "Kwana uku muna tuƙa tuwo don a gano manajoji duk waliyyai ne."

Aibin da ba a faɗa ba a zauren nan ni na san shi, don ni ke wanke kofin da yake kwana a ciki. Kafin bitar da ɗan lokaci, haƙoran Malam na ciki suka tashi da ciwo. Shekara da shekaru ana cizon shanshera, ga goro a kai. Ya tafi Kano da sunan ganin Alhaji, aka cire abin da ya rage, aka sa masa na roba. Masu kyau ne, farare tas, ya dawo kamar ango. Sai dai roba ba ta ji. Ya ciza ƙwaya bai san ta fashe ko ta lotse ba. Tsire sai na yayyanka masa ƙanana, ƙuli-ƙuli sai na daka.

Na ce masa, "Malam, ka bar wa yaron nan cizon mana. Dama ai shi za ka bar wa."

Ya ce, "Wa ya gaya miki da haƙori nake ji? Da kai nake ji."

"To kan ma ai ta haƙorin labari yake isa gare shi."

"Hajja, saura wata nawa? So kike 'yan dako su riƙa nuna ni da baki? Ki ji da tukunyarki."

Na ji da tukunyata. Amma na lura tun dawowarsa daga Kano bai ƙara cewa a mayar shanya ba. Yana nan yana lumshe ido, yana tauna, yana tofarwa a faranti, hukuncin dai ɗaya ne kullum. Da yake rani ne, komai a bushe yake zuwa, sai Allah ya rufa asiri. Ban san manoma ma suna lura ba. Ashe na raina musu wayo.

Shinkafar rani ta nuna, aka fara yanka, sai ga ruwan farko ya sauka ba shiri, kwana biyu a jere. A wannan makon Alhaji ya turo babban ɗansa daga Kano, ya zo ya ga aikin mataimaki da idonsa kafin a miƙa masa kujera. Aka tsara cewa ranar shi kaɗai zai karɓi kaya, shi zai yanke hukunci, shi zai sa hannu. Malam zai zauna ne kawai a inuwa. Malam ya ce madalla, dama ya gaji. Sannan ya sa na ciro masa babbar rigarsa ta Juma'a, don zaman inuwar.

Da hantsi motocin a-kori-kura suka fara shigowa daga Katuzu, a jere, ko wacce ta sha kaya. Shugaban manoman ya sauko, wani tsoho siriri mai daɗin baki. Mataimaki na tsaye a tsakiyar fili da takarda a hannu, ya sa sabuwar hula. Tsohon ya wuce shi kamar ya wuce turke, ya nufi inuwa, ya tsuguna a gaban Malam. A wurinmu ba a miƙa wa ƙarami farkon kaya alhali babba yana zaune, kowa ya san haka, tsohon nan kuwa ya fi kowa sani. Ya buɗe hannu, ga ƙwaya.

"Baba, mu ba mu san kowa a nan ba sai kai. Sa mana albarka."

Malam ya dubi ƙwayar, ya dubi ɗan Alhaji da ke zaune kusa da shi. Abin da zai yi kawai shi ne ya nuna mataimaki da hannu ya ce ga mai aikin can. Na ga hannun ya ɗan motsa. Sai ya zarce ya tsinci uku ya kai baki, ya lumshe ido. Na kasa kunne ban ji ƙas ba.

"A sauke."

Leburori suka fara. Da aka kwance buhun farko aka zazzaga kaɗan a kwanon awo, na ji ƙarar ba daidai ba. Busasshiyar shinkafa in ta zuba a kwano tana da wata ƙara mai kaifi, kamar yashi a kan rufin kwano. Wannan kuwa da nauyi ta faɗi, shiru-shiru, kamar an juye jiƙaƙƙen gero. Duk macen da ta taɓa sheƙa hatsi a faifai ta san wannan, ba wani ilimi ba ne. Na ajiye muciya. Wayata tana nan a kan taga. Sai na tambayi kaina, in kira wa? In kira mijina a gaban ɗan mai kamfani in ce masa me? In kira mataimaki in ce ya ƙaryata ubangidansa? Na tsaya ina wannan lissafin har tuwo ya fara kamawa, na ɗauki muciyata na ci gaba. In za a jera waɗanda suka yi shiru a ranar, a sa ni a layin.

Mataimaki ya matsa jikin mota ta biyu, ya zaro ƙwaya ya ciza. Na ga muƙamuƙinsa ya tsaya. Ya je ta uku ya sake. Ya cire sabuwar hular ya share gumi ya mayar.

Ɗan Alhaji ya ɗaga murya daga inuwa, "Malam mataimaki, yau fa kai ne mai magana. Me ka ce?"

Filin nan kowa ya tsaya. Tsohon Katuzu ya shiga jan carbi yana kallon sama, kamar ba kayansa ba. Mataimaki ya dubi buhuna, ya dubi Malam cikin rigar Juma'a.

"Haka ne. Abin da Baba ya ce."

Na san wace "haka ne" ce a cikin ukun nan nasa.

Ɗan Alhaji ya ce, "Wai ba mun aiko muku da na'ura ba?"

Malam ya yi dariya, fararen haƙora suka haska. "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake cizon shinkafa."

Shi ma ɗan Alhajin, da ya zo auna ƙarfin halin wani, ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba."

Mataimaki ya sa hannu a takarda. Aka yini ana sauke kaya, aka jera su har rufi a kan busasshiyar shinkafar da ke sito tun kaka. Manoman Katuzu ko ruwan da na aika musu ba su tsaya sha ba.

Ba a cika mako biyu ba wari ya iso ɗakin girkina, irin na ƙullun da ya kwana biyu. Wani lebura ya cusa hannu tsakanin buhuna ya zare da sauri, ya ce wallahi za a iya dafa ƙwai. Da aka fara fito da su, wasu har tsiro ya huda ɗinki ya leƙo, kore shar. Mai gadi ya ce tun da yake bai taɓa ganin an yi noman rani a cikin ɗaki ba. Aka baza tamfol ko'ina aka yi ta shanya, aka ceci abin da aka ceta, sauran ko masu kiwo sai da aka roƙe su. Sannan takarda ta zo daga Kano. Ba sunan Malam a ciki. Mataimaki aka rubuta wa, tun da shi ya sa hannu. Wai ya yi bayani a rubuce, kuma maganar kujera an dakatar sai an ji daga gare shi.

Da la'asar mataimakin ya zo gidanmu, ya tarar Malam ya tafi ta'aziyya Yusufari. Ya zauna a zaure, na jawo kujerata bakin ƙofa.

"Wushe, Hajja."

Na ce, "Bar gaisuwar nan, ƙanena. Ka sani ko ba ka sani ba?"

Ya ce, "Tun motar da na fara taɓawa. Kamar na ciza dafaffen wake."

"To me ya kama bakinka?"

"Hajja, a gaban manoma? A gaban ɗan Alhaji? Mutumin da ya karɓa mini aure, ya raɗa wa 'ya'yana suna, in miƙe in ce bakinsa ya daina ji?"

"Au, ka san da maganar haƙoran ke nan?"

Ya ɗago ya dube ni da mamaki. "Hajja, ai har mai gadi ya sani."

Ni da nake ɓoye kofi a bayan randa kamar kayan sata. Na tambaye shi me zai rubuta wa Kano. Ya ce zai rubuta kuskurensa ne, ya gwada bai gane ba, a yi masa afuwa.

Ban bar Malam ya huta ba. Da safe na gaya masa, da rana na maimaita, da ya zauna cin abinci na ƙara. Na ce yaron nan ya sani sarai, ya rufa maka asiri ne da kujerarsa, yanzu kuma zai ɗauki laifinka ya aza a kansa kana zaune kana shan kunu. Ranar farko ya ce mata ba su san aikin ofis ba. Rana ta biyu ya tashi ya bar mini ɗakin. Rana ta uku bayan sallar walha ya ce in miƙo masa waya. Malam kunnensa ya yi nauyi, kullum a buɗe yake sa muryar waya, don haka komai a kunnena aka yi.

Sai da suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa, aka sake tambayar iyali. Sannan Malam ya faɗa, kuma wallahi ya faɗa da kyau, ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba. Ya ce shi ya ciza, shi ya ce a sauke, haƙoransa na roba ne, ya ɓoye. Alhaji ya yi ta cewa subhanallahi, ai da ka faɗa, Allah ya sawwaƙe. Muryarsa ta yi laushi. Na fara hamdala a zuci. Da Malam ya tsaya a nan, ina jin da an wuce wurin. Amma ya ga abin ya karɓu, sai ya so ya ƙara wa yaron nasa daraja.

"Kuma Alhaji, kada ka zaci yaron nan bai iya aiki ba. Ya iya. Tun cizon farko ya gane mai danshi ce. Kunyata ce kawai ta hana shi magana. Tarbiyyata ce, ni na rene shi."

Nan take laushin muryar Alhaji ya ɓace.

"Malam, kana nufin ya sani?"

"Sarai kuwa."

"Ya sani, ya tsaya yana kallo aka cika mini sito, ya kuma sa hannu?"

"Ai ladabi ne, Alhaji."

Alhaji ya ce, "Da bai sani ba, da sai mu tura shi ya koyo. Wanda ya sani ya yi shiru, ina zan tura shi?"

Na so in ƙwace wayar in ce ya tura shi inda ya tura ɗansa, tun da tare suka yi shirun. Ban ƙwace ba. Kuma ni na kai wa Malam labarin cewa ya sani, da bakina, har kwana uku ina nanatawa.

Cikin mako guda aka turo sabon manaja daga Kano, matashi na gaske wannan karon, fadama ma ta gilashin mota ya fara ganinta. Mataimaki kuwa aka mayar da shi Nguru ya kula da sito. Takardar da aka ba shi har da yabo a ciki, wai kamfani yana alfahari da biyayyarsa.

Ranar da za su tashi suka zo sallama shi da matarsa, a-kori-kura na jira a waje da katifu a ɗaure. Ita ta shigo wajena, shi ya durƙusa a zaure. Matar nan shekarun da muka yi maƙwabtaka ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ina haɗa mata busasshen kifi da kuka a leda, muna jin maza. Shi yana godiya, yana neman gafara in ya taɓa saɓa wa Baba. Malam yana ba shi haƙuri, yana cewa komai da lokacinsa.

"Kada ka damu," in ji Malam. "Kai yaro ne, da sauran lokaci a gabanka."

Sai na ga ta ajiye ledar. Ta gyara mayafi, ta taka har bakin zaure, ta tsaya a tsaye, ko rusunawa ba ta yi ba.

"Baba, ka gafarce ni. Shekararsa hamsin ba biyu. Wane lokaci ne ya rage? Ka koya masa shiru, ya koya da kyau, ya yi maka shi ranar da kake buƙata, a kansa aka hana shi kujera. Yanzu kuma shi ne a durƙushe yana neman gafara. Allah ya saka mana."

"Ke! Ke!" in ji mijin, ya rasa inda zai sa kansa. "Baba, ka yi haƙuri, ba ta da lafiya ne, zafin nan ne."

Ta ce lafiyarta ƙalau. Ta dawo ta ɗauki ledarta, ta rungume ni. Ta fita ta shiga gaban mota. Shi ya ƙara ba da haƙuri sau biyu, ya fita da baya da baya, takalmi a hannu.

Malam na nan zaune a zaure. Da na shiga ɗauke kofunan ruwa sai ya ce, "Yarinyar nan ba ta da tarbiyya."

Na ce, "Ai ita ba kai ka rene ta ba."

Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa mayar masa da magana irin wannan ba. Ya kau da kai. Ni ma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba, don a lokacin motarsu ta riga ta kama hanyar Nguru.